Mutum sha ɗaya sun yanke wa sittin da biyu hukunci, wai in rubuta a minit

Sakatare: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai yau sai na yi magana ko da za a ce na yi rashin kunya. Jiya Alhamis bayan la'asar an zauna mitin ɗin ƙungiyarmu ta gari a ajin firamare, ban samu zuwa da wuri ba don na kai awaki Maigatari, ina shigowa na tarar har an gama magana ana shirin shafa fatiha. Na ƙirga kawuna da idona, mutum goma sha ɗaya ne har da ni, alhali a rajista mu sittin da biyu ne masu biyan kuɗin wata. Wai an yanke cewa kuɗin da muka tara na gyaran burtsatsen bakin masallaci a juya su a sayo kanofi da kujerun roba a riƙa bayarwa haya. Yanzu an ce in rubuta a littafin minit cewa ƙungiya ta amince. Ni kuma hannuna ya ƙi. Wace ƙungiyar? In ni ne ban gane ba a ganar da ni.

Mai Cajin Waya: Wa alaikumussalam. Tabɗi. Ranar kasuwar Maigatari aka sa mitin? ai ranar Alhamis magidanci ko na rantsuwa ba ka samu a garin nan sai bayan magariba

Ma'aji: Sakatare ka ji tsoron Allah ka faɗi magana yadda take, kar mutanenmu na nesa su ɗauka wani abu aka ci. Kuɗi suna nan ko sisi ba a taɓa ba. Kuma sanarwa an yi ta da lasifika ranar Laraba bayan isha'i, wanda bai zo ba ai shi ya zaɓi kasuwarsa. Shekara nawa muna kiran mitin ba a zuwa, sai an yanke abu kuma kowa ya zama lauya. Kanofin nan in an saya, biki da suna da zaman makoki duk sai sun kawo kuɗi, daga nan ma a gyara burtsatse goma ba ɗaya ba.

Sakatare: Kawu ni ban ce an ci kuɗi ba, Allah ya kiyaye. Amma me aka ce a lasifikar? "Gobe akwai mitin bayan la'asar", shikenan. Ba a ce za a taɓa kuɗin ruwa ba. Wlh da an faɗi haka da a hannun dillali zan bar awakin in dawo.

Shugabar Mata: To mu da ba ma zuwa masallaci isha'i fa? Mu sha huɗu ne a rajistar nan, ko ɗaya a cikinmu ba a aiko mata ba. Kuma mu ne wata biyu kenan muke tada yara tun asuba su tafi unguwar gabas da jarkoki, su dawo an riga an kaɗa ƙararrawar makaranta. Kanofi za mu sha?

Hedimasta: Salamu alaikum. Na karanta tun daga sama. Ku bari in sa baki, don na yi shekaru ina riƙe da littafin minit na ƙungiyar iyaye da malamai, irin wannan rigimar ba yau na fara ganinta ba. Abin da Sakatare yake nufi shi ake kira koram, wato yawan mutanen da dole sai sun hallara kafin a ce taro ya zauna. In ba su cika ba to hira aka yi, ko da kuwa duk abin da aka faɗa gaskiya ne kuma alheri ne. Zaman da bai cika ba abin da zai iya yi kaɗan ne, ya ɗan jira, ya aika a kirawo mutane, ya sa wata rana, ko ya tashi. Amma ya taɓa kuɗi, a'a. Sannan Ma'aji, maganarka ta wanda bai zo ba shi ya so, tana da ƙarfi ne in an gaya wa mutum abin da za a tattauna. Dalilin fitar da ajanda tun kafin ranar kenan. Mutum ajanda yake aunawa da kasuwarsa, in ya ji maganar sharar maƙabarta ce ya ce ku yi na yarda, in ya ji kuɗin ruwa ne ya fasa tafiyar.

Ɗan Legas: Allah ya ƙara girma Malam. Ni duk wata sai na turo nawa daga nan, kuma da sunan ruwa nake turowa don tsohuwata a bakin masallacin take. Yau kawai na buɗe waya na ga wai kujeru

Ɗalibin Lauya: Bari in ƙara a kan abin da Malam ya faɗa, don kar a ɗauka ƙa'idar ƙauye ce ko ta makaranta. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 da kansa ya sa koram. Sashe na 54 ya ce majalisar dattawa ko ta wakilai ba ta zauna ba sai da kashi ɗaya cikin uku na dukkan mambobi. Sanatoci 109 ne, kenan sai 37 sun hallara. 'Yan majalisar wakilai 360, sai 120. Sashe na 96 ya faɗi haka ga majalisun jihohi, tamu ta Dutse mai mutum 30 sai da 10, ta Kano mai mutum 40 sai da 14. Kuma akwai wani abu da nake so a lura da shi, dokar cewa ta yi in wani mamba ya tashi ya ja hankali cewa ba a cika ba, aka jira ɗan lokaci aka sake ƙirgawa ba a cika ba, to dole mai jagorantar zaman ya ɗage shi. Kenan sai wani ya buɗe baki. Abin da Yaya Sakatare ya yi kenan, sai dai ya makara da kwana ɗaya.

Mai Cajin Waya: kaji manya, daga burtsatse an kai mu Abuja

Ma'aji: Yaro mu ba sanatoci ba ne, ba albashi ake biyanmu ba. Su an ajiye su ne don su zauna, mu kowa da gonarsa da kasuwarsa.

Sarkin Noma: Ɗansa ne ke rubutawa, Baba ya ce a faɗa muku. Ya ce lokacin da aka yi gayyar gina ajujuwan firamaren da kuke zama a ciki ba wanda ya san wani abu wai shi minit, dattawa ne suka zauna a ƙofar mai gari ƙarƙashin tsamiya suka yanke, washegari kowa ya fito da jakinsa da mangala. Ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma su sha ɗayan da suka zauna jiya akwai masu furfura a ciki da sun haifi Sakataren. Ya ce wannan boko da kuke kawowa shi zai raba kan gari.

Sakatare: A gaida Baba, Allah ya ƙara masa lafiya. Ni ban isa in ja da shi ba.

Na'ibi: Allah ya ja kwanan Sarkin Noma. Ina neman afuwa zan ɗan ce wani abu. Zaman ƙofar mai gari ma ai yana da ƙa'idojinsa, ba a rubuce suke ba kawai. Wa ya taɓa ganin an yanke maganar burtali ba tare da an jira ardo ba, ko maganar gona mai unguwar wajen ba ya nan? Sai a ce a bari wane ya dawo. To koram ɗin kenan ba sunan. Kuma shawara ba boko ba ce, sura guda aka sa wa suna Shura, aya ta 38 ta siffanta muminai da cewa al'amarinsu shawara ne a tsakaninsu, a Ali Imrana aya ta 159 kuma Annabi (SAW) da kansa aka umarta ya shawarce su. Ranar Uhudu ra'ayinsa a zauna cikin Madina ne, matasa da yawa suka nemi a fita, aka fita. Bambancin da zaman da Baba ya ba da labari shi ne, wancan ƙarfi aka nema daga mutane, wanda bai yarda ba sai ya ƙi fitowa da jakinsa. Wannan kuwa kuɗin mutane sun riga sun shiga hannu, amana ce, mai ita ba shi da hanyar janyewa sai a wurin taro.

Tsohon Kansila: Allah gafarta Malam ka gama magana. Ni bari in ba ku abin da na gani da idona a zauren da na zauna shekara uku. Mu ma a can akwai akawu, akwai sandar majalisa, akwai guduma, komai tsaf. Amma ku san ƙa'ida ita ma ana wasa da ita in mutane ba su san haƙƙinsu ba. Za a kawo ƙudiri, a ce masu goyon baya su ce eh, mutum huɗu su ce eh da ƙarfi, a ce masu adawa su ce a'a, kafin mu rufe baki guduma ta sauka wai masu eh sun yi rinjaye. Ƙuri'ar murya kenan, kunnen shugaba shi ne ma'auni, kuma kunnen shugaba wani lokaci ɓangare ɗaya yake ji. Sai da wani tsohon akawu ya ja ni gefe ya ce ranka ya daɗe ai kana da ikon ka miƙe ka ce ban yarda ba a ƙirga, kowa ya tashi tsaye a gan shi. Ranar da na fara yi zauren tsit ya yi. Mun faɗi duk da haka da ƙuri'a ɗaya, amma dai an san mun faɗi ne ba an tattake mu ba. Ita kuma sanda kar ku raina ta, in ba ta kan teburi ba a ɗaukar zaman a matsayin zama, shi ya sa in rigima ta tashi kowa ita yake wawura. Ba ku tuna watan Afrilu na 2018 da wasu suka kutsa majalisar dattawa ana cikin zama suka sunkuce ta ba, washegari 'yan sanda suka ce sun tsince ta a ƙarƙashin gada a Abuja.

Mai Cajin Waya: To mu ma a sassaƙa mana sanda, ni zan riƙe, duk ranar da aka sa mitin ranar kasuwa in tafi da ita Maigatari

Shugabar Mata: Kansila wannan tashi tsaye a gan ka ɗin a wajenku ne yake aiki. Ni yaya zan ɗaga hannu in saɓa wa surukina yana zaune a gaba yana kallona? Ko yaran nan samari, wa zai ɗaga hannu a kan kawunsa? Shirun da kuke ji a mitin kuna cewa an amince, rabinsa kunya ce. A adashenmu in magana ta yi zafi ƙwarya biyu muke ajiyewa a ɗaki, kowace ta shiga ita kaɗai da ƙwallon dabino ta jefa inda take so, a fito a zazzage a gaban kowa. Ba a taɓa yin gaba a kai ba.

Hedimasta: Hajiya wannan ita ce ƙuri'ar sirri, kuma tana cikin ƙa'ida sarai. Taro yana da ikon ya zaɓi yadda zai kaɗa ƙuri'a, wani ya nema, a mara masa baya, masu rinjaye su yarda. Ni da za a bi tawa duk maganar da ta shafi kuɗi ko zaɓen mutum da ƙwaryar Hajiya za a yi ta.

Ɗalibin Lauya: Kuma dama asalin abin ba daga majalisar ƙasa ya shiga ƙungiyoyi ba. Wani injiniyan soja ne a Amurka, Henry Robert, a 1863 aka ce ya jagoranci wani taro a coci, abu ya rikice masa ya ji kunya, daga nan ya duƙufa nazari har ya fitar da littafinsa na dokokin taro a 1876. Har yanzu ana sabunta shi, bugu na 12 ya fito a 2020. A tsarinsa abu bi da bi yake tafiya. Mutum ya nemi izini shugaba ya ba shi, ya ce na kawo ƙudirin a yi kaza, da lafazi takamaimai. Wani ya mara masa baya. Shugaba ya maimaita ƙudirin kowa ya ji, sannan a buɗe muhawara. Kowa sau biyu zai yi magana a kan batu ɗaya, minti goma-goma, kuma ba ka yin ta biyu sai duk mai son yin ta farko ya yi. In ana so a rufe bakin mutane a tafi ƙuri'a sai kashi biyu cikin uku sun yarda, rinjaye kawai bai isa ba, don hana mutum magana ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗan Legas: minti goma? ai akwai wanda a mitin ɗinmu gaisuwarsa kaɗai ta fi haka, bana son kama suna

Mai Cajin Waya: kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake

Ciyaman: Assalamu alaikum. Na ga duk abin da ake rubutawa tun safe, na yi shiru ne don in ga iya gudun ruwan kowa. Ni na kawo shawarar kanofi, ba zan ɓoye ba. Na yi bayani, na ce akwai mai ja? Ba wanda ya yi tari. Na sake tambaya, shiru. Na ce to an amince. In wannan laifi ne na ɗauka. Amma ku sani shekara huɗu ina wannan wahalar ba ko kuɗin mai, ni ke bin mutane gida gida, ni ke ɗauko makullin aji, ni ke share benci. Yau yaron da na goya ne zai kawo ni gaban duniya a waya.

Sakatare: Baba Ciyaman ka yi haƙuri don Allah, ban kawo ka gaban kowa ba, guruf ɗin ƙungiya ne. Na same ka a gida da daddare ka ce in rubuta kawai.

Hedimasta: Alhaji ba wanda ya musa wahalarka, ni shaida ne a kan makullin aji. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wannan da ka yi na tambayar akwai mai ja, ana yinsa, hanya ce ta gaggauta ƙananan abubuwa kamar amincewa da minit ɗin baya ko tashi salla. Sharaɗinsa dai taron ya cika, kuma mutum ɗaya in ya ce ina ja, to dole a koma muhawara da ƙuri'a. Inda aka samu tangarɗa shi ne kai ka kawo maganar, kai ka kare ta, kai ka tambaya, kai ka yanke. Mai alƙalancin wasa ba ya buga ƙwallo. In shugaba yana da ra'ayi mai ƙarfi a kan batu, sauka yake daga kujera ya ba mataimakinsa, ya koma cikin jama'a ya yi maganarsa kamar kowa, sai an gama da batun ya dawo. Wannan kariya ce gare ka ma, don gobe in kanofi ya yage ba za a ce kanofin Alhaji ba, za a ce na ƙungiya.

Ɗalibin Lauya: Haka ne, a majalisa ma sashe na 56 cewa ya yi mai jagorantar zama ba ya kaɗa ƙuri'a sai in an yi kunnen doki, nan ne zai raba gardama. Gaskiya dai a ƙaramin kwamiti na mutum kamar sha biyu zuwa ƙasa ana sassautawa, shugaba yana iya magana har ya kawo shawara ba sai an mara baya ba. Amma na jiya ba kwamiti ba ne, babban taro ne da ya rame.

Tsohon Kansila: Wai duk wannan surutun, ina kundin ƙungiyar tamu? Ai na tuna an buga shi a Gumel lokacin da za a buɗe asusun banki. Shi ne alƙali, ba Amurka ba ba Abuja ba. In ya ce mutum goma sun isa to Sakatare ɗauko biro.

Sakatare: Ba a miƙa min shi ba da na karɓi aiki, littafin minit da rajista kawai aka ba ni

Ma'aji: Ku dakata, ina jin yana cikin akwatina tare da takardun banki.

Ma'aji: Na same shi, gara ta ci gefen shafi biyu amma ana karantawa. Ga abin da ya ce, babban taro ba zai zauna ba sai da kashi ɗaya cikin uku na masu rajista, kuma a ba da sanarwa kwana bakwai kafin ranar. To ni dai na karanta da bakina, ba zan ce ban gani ba.

Ɗalibin Lauya: Kashi ɗaya cikin uku na 62 ya haura 20 da ɗan ɗori, kenan sai mutum 21.

Ɗan Legas: Shikenan magana ta mutu

Ciyaman: Ba ta mutu ba. Tunda takarda ake bi a bi ta har ƙarshe. Sakatare buɗe littafinka ka duba ranar da aka zaɓe ka bara bayan an cire riɗi, mutum nawa ne a ajin?

Sakatare: Sha bakwai.

Ciyaman: To kai ma ba sakatare ba ne.

Mai Cajin Waya: wayyo cikina, a kawo ruwa, au na manta burtsatsen ya lalace

Tsohon Kansila: Alhaji ka iya siyasa wlh, da kai ka tsaya takara a mazaɓarmu da ban kai labari ba.

Hedimasta: Dariya gefe, maganar Alhaji gaskiya ce kuma ta fi ta kanofi nauyi. In shekara biyu ba mu taɓa tara mutum 21 ba, to ko dai ranakun da muke sawa ne ba su yi ba, ko rajistar ce cike da sunayen waɗanda ba za su taɓa iya zuwa ba. Mutum nawa ne a cikin sittin da biyun suke Legas da Fatakwal da Abuja? Ina jin sun kai sha biyar. Ana ƙirga su a koram alhali jikinsu ba ya gari. Maganin wannan ba a yi kamar ba a ga dokar ba ne, a gyara dokar ne, ko a ce koram daga mazauna gari za a lissafa, ko a yarda na nesa su shigo ta waya a ƙirga su. Sai dai shi gyaran ma sai a taron da ya cika za a yi shi. Kenan ko ta halin ƙaƙa sai mun tara mutum 21 sau ɗaya.

Ɗalibin Lauya: Kuma abin da aka yi a baya ba sai an rushe ba. Taron da ya cika yana iya tabbatar da abin da taron da bai cika ba ya yi, a kawo ƙudiri ɗaya a ce an amince da zaɓen bara, a kaɗa ƙuri'a, Yaya Sakatare ya halatta. Na kanofi ma haka, in jama'a sun so su tabbatar, in ba su so ba ya faɗi.

Ɗan Legas: To ni ga tawa tun yanzu. A fara gyara burtsatse, abin da ya yi saura a sayi kujeru ko da hamsin ne, kanofi ya jira kaka mai zuwa

Mai Cajin Waya: na sakandin

Ma'aji: Kai da ko kuɗin wata uku ba ka biya ba kake sakandin?

Mai Cajin Waya: Kawu ai ba yarda na yi ba, cewa na yi a tattauna. ko ba haka ba ne lauya?

Ɗalibin Lauya: Haka ne kuwa, mara baya ba ya nufin ka goyi bayan abin, yana nufin mutum fiye da ɗaya na ganin ya cancanci a ɓata masa lokaci, kana iya marawa ka zo ka kaɗa ƙuri'ar ƙi. Sai dai nan ba zauren taro ba ne, kundinmu bai san WhatsApp ba tukuna. Abin da Yaya na Legas ya kawo kuma gyara ne a kan ƙudirin Baba Ciyaman, ranar taro sai wani ya ɗauko shi a madadinsa. Gyaran ake fara kaɗa wa ƙuri'a, in ya wuce sai a kaɗa wa ƙudirin yadda aka gyara shi, in ya faɗi a koma kan na asali. Mutane nan suke rikicewa su haɗa biyun a tambaya ɗaya, a tashi kowa da abin da yake zaton an yanke.

Shugabar Mata: Ni zan ɗauko masa. Kuma mata sha huɗu ni zan kawo su da ƙwaryarmu, ku nemo bakwai a cikinku maza in kun iya. Amma ba la'asar ba, lokacin ɗora tukunya ne. A sa da hantsi.

Sarkin Noma: Baba ya ce shi zai zo, amma a ajiye masa kujera mai jingina ba bencin yara ba, kuma ya ce in an zo jefa ƙwallon dabino shi a fili zai jefa nasa ba ya tsoron kowa.

Ciyaman: Asabar ta sama ba wannan ba, ƙarfe goma na safe, kwana takwas kenan kar lauya ya ce ban cika bakwai ba. Ajanda a rubuta a liƙa a ƙofar masallaci da wajen mai caji, a kuma aika wa Hajiya. Mataimaki zai riƙe kujera lokacin maganar kanofi, ni kuma zan kare abina, ban janye ba.

Sakatare: Na gode Baba. Malam to na jiya me zan rubuta a littafin?

Hedimasta: Minit abin da aka yi ake rubutawa, ba abin da kowa ya faɗa ba. Sa kwanan wata da wuri da lokaci, ka jera sunayen waɗanda suka zo, ka ce mutum goma sha ɗaya suka halarta, koram bai cika ba, ba a yanke komai ba, an tashi da addu'a. Ka bar wurin sa hannun Ciyaman a ƙasa, sai an karanta ranar Asabar an amince zai sa.

Ciyaman: Goma za ka rubuta. Kai ana shafa fatiha ka shigo.